Guernica a gidan zane na Reina Sofía: abin da Yuro 12 ke saya wa mai kallo

Galibin masu shiga gidan zane-zane na Reina Sofía a Madrid abu ɗaya ke kai su, wato Guernica, zanen da Pablo Picasso ya yi a 1937 bayan jiragen yaƙin Jamus da Italiya sun yi wa garin Gernika na yankin Basque ruwan bama-bamai. Sai su hau bene, su tsaya minti biyar suna kallon ƙeyar na gabansu, su ɗaga waya, su fita. Wanda ya yi haka ya yi asarar kuɗinsa, don hoton da ke intanet ya fi abin da ya gani fitowa sosai. Abin da ya sa zuwa da ƙafa ya cancanci kuɗin abu biyu ne: girman zanen, wanda ba allon wayar da zai iya ba ka, da kuma ɗakunan da ke kewaye da shi, inda ake ganin yadda aka gina shi rana bayan rana. Gidan yana da duka biyun, amma ba ya kama hannun baƙo ya nuna masa ta inda zai fara.

Kuɗin shiga Yuro 12 ne. 'Yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda suka haura 65 ba sa biya, sai dai su nuna shaida, kuma fasfo ya wadatar. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe a rufe 9 na dare ran Litinin da kuma Laraba zuwa Asabar. Lahadi ƙarfe 2:30 na rana ake tashi. Talata a rufe yake ruf, kuma wannan ta sha kayar da baƙi, saboda yawancin gidajen tarihi na Turai Litinin suke hutu. Akwai lokacin shiga kyauta: 7 zuwa 9 na dare, ran Lahadi kuma 12:30 zuwa 2:30. Ko a lokacin kyautar sai an karɓi tikiti, layin kan yi tsawo, kuma ma'aikata na fara fitar da mutane daga ɗakuna minti 15 kafin rufewa. Idan layi ya ci rabin awa, abin da ya rage awa ɗaya da kwata ne, a cikin cunkoso mafi muni na ranar. Ɗalibin da ke zaune a Madrid zai iya amfana da wannan, ya riƙa dawowa. Wanda ya biya biza da jirgi ya biya Yuro 12 ɗin nan.

Ƙofofi biyu ne. Babbar tana tsohon ginin Sabatini, wanda asibiti ne a da, a kan titin Santa Isabel inda liftocin gilashi suke. Ɗayar tana sabon ginin Nouvel mai jan rufi, ta Ronda de Atocha, kuma sau da yawa ta fi sauƙin layi. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa ita ce Estación del Arte a layi na 1, babbar tashar Atocha kuma tsallaken titi ce. Babbar jaka ba ta shiga ɗakunan, sai an ajiye ta a ma'ajiya, don haka a zo da ƙaramar jaka a huta da layi na biyu. Mai neman abincin halal ya gangara unguwar Lavapiés da ke bayan gidan, akwai gidajen abinci na 'yan Senegal da 'yan Bangladesh da Larabawan Maroko.

Kada a fara da babban zanen

Guernica yana bene na 2 na ginin Sabatini, a ɗakin da aka yi wa lamba 205.10. A cikin zanen babu jirgi, babu bam, babu maharin da za a nuna da yatsa, babu ko wata alama ta garin. Rubutun da ke bango gajere ne, da Sifaniyanci da Turanci, saboda haka gara a shiga da labarin a ka.

Yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke a Yulin 1936. Ranar Litinin 26 ga Afrilun 1937 ranar kasuwa ce a Gernika, kuma garin na cike da mutanen da suka gudo daga bakin daga. Wajen ƙarfe 4:30 na yamma jiragen rundunar Condor ta Hitler da na Mussolini, masu mara wa Janar Franco baya a tawayen da ya yi wa gwamnatin Jamhuriyar Sifaniya, suka fara, suka yi sama da awa uku. Sun jefa manyan bama-bamai masu rusa gini, suka bi masu gudu da bindiga mai sarrafa kanta, suka zuba bama-bamai masu tada gobara. Mafi yawan gidajen garin sun ƙone, amma gadar Renteria da masana'antar makamai da ke gefen gari ba abin da ya same su. Gwamnatin Basque ta ce mutum 1,654 suka mutu. Wasu masu bincike daga baya sun sauko da adadin zuwa 'yan ɗaruruwa, wasu kuma na ganin ya ma fi na farkon, har yau ana wannan ja-in-ja. Ɗan jarida George Steer ya isa garin a daren, rahotonsa ya fito a jaridar The Times ta Landan ranar 28 ga Afrilu, kuma a ciki ya ambaci garken tumakin da ake korowa kasuwa wanda aka ƙarar da shi. A riƙe wannan, zai yi amfani a gaban zanen.

Tsarin da ya fi ba da riba shi ne a bi ɗakunan gefe tukuna, a ba su kamar minti 40.

A fara da ƙaramin samfurin rumfar Sifaniya ta baje kolin duniya na Paris na 1937, wadda Josep Lluís Sert da Luis Lacasa suka tsara. Don bangon wannan rumfa gwamnatin Jamhuriya ta nemi Picasso ya yi zane tun Janairun shekarar, kuma faɗin bangon ne ya yanke girman zanen. An ba shi faran 150,000 na Faransa a matsayin kuɗin kayan aiki, shaidar biyan kuɗin nan kuma ita ta taimaki Sifaniya shekaru da yawa bayan haka wajen tabbatar da cewa zanen nata ne. Dogon gunkin da ke tsaye a farfajiyar gidan, gaban ƙofar Sabatini, kwafi ne na aikin Alberto Sánchez da ya tsaya a ƙofar rumfar, kuma kusan kowa wuce shi yake yi.

Daga nan a nemi zanen Horacio Ferrer mai suna Madrid 1937, wanda shi ma a rumfar aka nuna shi: mata ne ɗauke da yara suna gudu daga harin jirage, ɗaya ta ɗaga dunƙulen hannu sama. Zane ne mai kala, fuskoki kamar na gaske, ana gane komai nan take. Amfaninsa ga mai kallo shi ne ya nuna hanyar da Picasso ya ƙi bi.

Sai zane-zanen gwaji. Picasso ya yi guda 45 tsakanin 1 ga Mayu da 4 ga Yuni, kowanne da kwanan wata a jiki, kuma gidan kan juya waɗanda ke bango saboda takarda ba ta jure haske na dogon lokaci. A karanta kwanan watan. Na ranar farko, da fensir a kan shuɗiyar takarda, doki ne da bijimi da mace mai fitila. Ranar 2 ga Mayu ya zana kan dokin shi kaɗai da fentin mai, baki a wage. Uwar da ke rungume da gawar ɗanta sai 8 ga Mayu ta bayyana. Wato mako guda cur dabbobi ne ke ɗauke da nauyin zanen kafin uwa da ɗa su shigo.

Hotunan Dora Maar, mai ɗaukar hoto kuma masoyiyar Picasso a lokacin, su ne abu mafi daraja a waɗannan ɗakunan. Ta ɗauki zanen mataki-mataki a ɗakin aikin Picasso da ke lamba 7, titin Grands-Augustins a Paris, tun daga 11 ga Mayu. Ɗakin bai kai tsayin yadin ba, sai da aka jingine shi a karkace. A hoton farko mayaƙin da ya faɗi ya miƙe hannu sama a dunƙule, alamar gaisuwar 'yan Jamhuriya. A na gaba hannun na riƙe da zangarniya a gaban rana. Daga baya hannun ya ɓace gaba ɗaya. Kan dokin da ke sunkuye ƙasa shi ne aka ɗago ya maye gurbin, rana kuma ta koma wani abu mai siffar ido da ƙwan lantarki a tsakiya. An juya gangar jikin bijimin. Akwai matakin da ya liƙa wa matan guntayen takardar bango masu ado, sai ya cire. Duk abin da zai sa zanen ya zama allon kamfe na ɓangare ɗaya an fitar da shi, aka bar ihun doki a tsakiya.

A gaban zanen

Tsayinsa santimita 349.3, faɗinsa 776.6, kusan murabba'in mita 27, kwatankwacin ƙasan ɗaki biyu na ƙafa 12 da 12. Don ido ya ɗauke shi gaba ɗaya ba tare da juya wuya ba, ana bukatar nisan mita 6 zuwa 7, wato a ja da baya har bakin mashigar ɗakin. A nan matsalar take, don duk wanda ya shigo gabanka zai tsaya. Dabarar ita ce a fara daga baya, a jira taron ya motsa, sannan a matso bakin iyaka a taka a hankali daga dama zuwa hagu, yadda jikkunan cikin zanen suke tafiya. Akwai iyaka a ƙasa da masu gadi a gefe biyu, wanda ya zarce za a mayar da shi.

Mutum shida ne a ciki da dabba uku. Daga dama: mace a cikin gidan da ke ci da wuta, hannuwa sama, wata na jan ƙafa tana nufar tsakiya, wata ta leƙo ta taga da fitilar hannu, mayaƙi a ƙasa, gaɓoɓi a rarrabe, da karyayyen takobi da ɗan fure kusa da hannunsa, sai uwa da gawar yaro a can hagu. Mai zuwa da iyali ya sani cewa akwai ƙirjin mata a buɗe, ko da yake a irin zanen da ba ya kama da hoto.

Dokin ne tsakiyar komai. Mashi ya shiga ta bayansa, tsininsa ya fito ta ciki, ga wani babban yanka a haƙarƙari, gwiwar gaba ɗaya ta durƙushe. Jikinsa cike da gajerun layuka a jere kamar rubutun jarida. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne harshe. Dokin da bijimin da uwar yaron duk harshe iri ɗaya aka ba su, mai tsini kamar wuƙa. Picasso bai ware wa ɗan Adam irin nasa kukan ba, ya bar wa dabba nata daban. Da layi ɗaya ya zana su. A zane-zanen yaƙi na Turai kafin wannan, doki abin hawan sarki ne ko janar, ana zana shi don a ɗaukaka mahayin. A nan babu mahayi a kansa, kuma shi fitila ta haska.

Kada a ɗauka Picasso mai fafutukar kare dabbobi ne. Har tsufansa yana zuwa kallon wasan kisan bijimai. An haife shi a Málaga a 1881, kuma a filayen wasan ƙuruciyarsa dawakan masu mashi ba su da wata kariya, bijimi kan farke cikinsu a gaban jama'a. Sai a 1928 doka ta tilasta sa musu rigar kariya mai kauri. Daga can ya san yadda doki ke faɗuwa da yadda yake wage baki, kuma wannan sanin ne ya sa dokin Guernica ya fi kowane mutum na cikin zanen kama da mai rai. A ganinmu wannan ya ƙara wa zanen nauyi: mutumin da ya saba kallon mutuwar doki a matsayin nishaɗi, da ya tashi nuna zalunci, ita ya ɗauko.

Bijimin ya fi wuyar fassara. Yana tsaye lafiyarsa ƙalau a kan uwar, idanu biyu a gefe ɗaya, wutsiya kamar hayaƙi. Picasso ya taɓa cewa bijimin duhu ne da rashin imani, dokin kuma jama'a. A wani lokacin ya ce bijimi bijimi ne, doki doki ne, mai kallo ya fassara yadda ya ga dama. Duk ɗan rakiyar da ya ba ka amsa ɗaya tak da cikakken tabbaci ya faɗi abin da mai zanen ma bai tsaya a kai ba.

Dabba ta ukun ita ce ma'aunin ko mutum ya kalli zanen ko ya wuce shi ne kawai. Tsakanin kan bijimin da na dokin, a saman wani teburi, akwai tsuntsu da aka zana baƙi a kan baƙi, baki a buɗe yana kallon sama, sai ɗan farin layi ɗaya a jikinsa. Daga bayan ɗakin ba a ganin sa. Sai an matso bakin iyaka ta hagu an ba ido kamar rabin minti ya saba da duhun wurin.

Daga kusa kuma za a ga zanen ba fari da baƙi zalla ba ne. Akwai toka mai shuɗi-shuɗi, akwai fari mai ɗan ɗumi, akwai wuraren da fenti ya zuba aka bar shi, da layukan farko da ba a rufe ba. Fentin marar sheƙi ne da gangan, shi ya sa hasken ɗakin ba ya dawowa ido.

Yawon da ya gajiyar da shi

Zanen shi kansa ya yi shekara 44 a wajen Sifaniya. Bayan Paris an kai shi ƙasashen arewacin Turai da Ingila a 1938, a Janairun 1939 aka nuna shi a Whitechapel ta gabashin Landan, inda talakawa suka riƙa ajiye takalma a gabansa don a aika wa mayaƙan Jamhuriya. A Mayun 1939 ya isa New York don tara wa 'yan gudun hijira kuɗi. A lokacin kusan mutum rabin miliyan sun riga sun tsallaka tsaunuka zuwa Faransa a sanyin Janairu da Fabrairu, aka tsare da yawa a bakin teku a Argelès-sur-Mer cikin waya mai ƙaya. Tun wata ɗaya bayan harin Gernika ma jirgin ruwa mai suna Habana ya kwashi yaran Basque kusan 4,000 zuwa Southampton ba iyayensu. Picasso ya bar zanen amana a gidan zane na MoMA, da sharaɗin kada ya je Sifaniya sai 'yanci ya dawo. Ya rasu a 1973, Franco ya bi shi a 1975, zanen ya sauka Madrid ranar 10 ga Satumban 1981. Ya zauna a Casón del Buen Retiro bayan gilashin da harsashi ba ya huda shi, aka kawo shi Reina Sofía a 1992, aka cire gilashin a 1995.

Kowace tafiya sai an cire ƙusoshi, an naɗe yadin, an warware, an sake ɗaure shi a katako. Abin da hakan ke haifarwa sananne ne: gefuna su yage, fenti ya tsattsage a tsaye bisa layin naɗi, ƙananan ɓarɓashi su zube. A 1957 masu gyara a MoMA suka shafa kakin zuma haɗe da ƙaro ta bayan yadin, suka narkar da shi da zafi don ya riƙe fentin. Ya riƙe, amma kakin ya ratsa zaren, ya sa yadin ya sandare, kuma ba a iya cire shi. A 1974 wani mutum ya fesa masa jan fenti a New York, shafin kariyar da ke samansa ya sa aka goge nan take. Wannan tarihin ne dalilin da gidan ke ƙin ba da aronsa, har ga yankin Basque da ya nema lokacin buɗe gidan Guggenheim na Bilbao a 1997. Za a iya jin zafin hukuncin, amma wanda ya ga tsagogin ba zai ce an yi ƙarya ba.

A nan gidan yake da rauni. Guernica daƙiƙar harin kawai ya kama. Abin da ya biyo baya, wato hanya da sansani da zaman baƙunta, yana cikin hotuna da fastoci da ayyukan masu zanen da suka yi hijira, kuma waɗannan a warwatse suke, wasu a wani bene daban, babu alamar da ke haɗa su da babban zanen ga baƙon da bai sani ba. Tun da Manuel Segade ya karɓi shugabancin gidan a 2023 ake sake jera kayan, saboda haka a karɓi taswirar ranar a ƙofa, a tambayi ma'aikaci inda ayyukan hijira suke. Kusa da babban zanen kuma kada a tsallake jerin matan da ke kuka, waɗanda Picasso ya ci gaba da zanawa har watanni bayan ya gama.

Sauran ƙorafin na cunkoso ne. Tun 1 ga Satumban 2023 aka halatta ɗaukar hoto a ɗakin, ba filasha, ba sandar ɗaukar kai, ba ƙafar kyamara. Sakamakon shi ne sahun gaba kan cika da waɗanda suka juya wa zanen baya suna ɗaukar kansu. Wurin zama ya yi ƙaranci, dattijo ko mai ciwon ƙafa zai ji jiki. Lokaci mafi sauƙi shi ne ƙarfe 10 daidai, a wuce kai tsaye a ga zanen a sarari minti goma sannan a koma ɗakunan gefe a sake dawowa, ko kuma tsakanin 2 da 4 na rana lokacin da 'yan Sifaniya ke cin abinci. Tsakanin 11 da 1 ayarin 'yan makaranta da 'yan yawon buɗe ido ne ke da ɗakin.

Wanda ba zai je Madrid ba

A 2017 gidan ya buɗe shafin intanet na kyauta mai suna Repensar Guernica, da Sifaniyanci da Turanci. Yana da takardu kusan 2,000 da aka tattaro daga ma'ajiyoyi daban-daban, da hoton zanen da aka haɗa daga dubban hotunan da wata na'ura ta ɗauka tana tafiya a gabansa. Ana zuƙowa har a ga zaren yadin, kuma ana sauya irin hasken. Hasken infrared na nuna layukan da ke ƙarƙashin fenti. Na ultraviolet na fito da wuraren da aka yi wa gyara a matsayin tabo mai duhu. Hoton eksire na nuna ƙusoshi da katakon baya. A gwada da wurare uku: tsuntsun, kan bijimin, da gefunan yadin. A wajen ganin ƙananan abubuwa shafin ya fi ɗakin nesa ba kusa ba, don a ɗakin ba za a bar ka ka matso haka ba. Aibinsa cin data ne, kuma a ƙaramar waya ana ɓacewa a cikin hoton a rasa inda ake. Ya fi kyau a kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Malamin zane ko na tarihi zai iya gina darasi cikakke da shi.

Kwafin da ake kai wa gida

Shagon gidan na sayar da kati da fosta da littattafai. Abin dubawa na farko shi ne ma'auni. Faɗin zanen ya ninka tsayinsa sau 2.22, don haka kwafi mai faɗin santimita 100 tsayinsa 45 ne, mai 150 tsayinsa 67.5, mai 200 tsayinsa 90. Firam ɗin kasuwa na 50 da 70 ko 60 da 90 ba zai dace ba. Ko dai a bar farin fili sama da ƙasa, ko a yi firam na musamman. Fastocin arha na kan titi sukan yanke gefuna don hoton ya cika takarda, sai a rasa wutsiyar bijimin ta hagu da ƙofar da ke can dama.

Na biyu, a nemi tsuntsun. Idan ya nutse cikin baƙi, injin ya cika tawada, sauran tokar ma ta lalace. Na uku, a kalli takardar a hasken rana: injin da ke haɗa toka daga kala huɗu kan karkata zuwa kore ko shanshanbale. Kwafin da ya fito ruwan ƙasa kuwa, mai yiwuwa ba daga zanen aka ɗauko shi ba, daga saƙaƙƙen kwafin da Nelson Rockefeller ya sa aka yi a 1955 ne, wanda ke rataye a ƙofar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka rufe da labule a Fabrairun 2003 lokacin da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ke kare shirin yaƙin Iraƙi. A zaɓi takarda marar sheƙi. Hoton da aka sauke daga intanet ba ya kai wa babba: faɗin mita ɗaya na bukatar ɗigo kusan 5,900 a kwance kafin layuka su fito tsaf, ban da cewa haƙƙin mallakar zanen na hannun magadan Picasso. A ɗauko fostar a bututun kwali, kada a ninke. Wajen sa firam a bar tazara tsakanin takarda da gilashi da kwali mai kauri, in ba haka ba laimar damina za ta manne su, a kuma liƙe bayan firam ɗin da tef saboda ƙurar hunturu.

Mai sauran ƙarfi ya taka minti 15 zuwa gidan zane na Prado, kuɗin shiga Yuro 15, kyauta daga 6 zuwa 8 na yamma Litinin zuwa Asabar. A ɗaki na 64 akwai zane biyu da Francisco de Goya ya yi a 1814 kan boren Madrid na 2 ga Mayun 1808 da harbe-harben da sojojin Napoleon suka yi washegari. A na 2 ga Mayu a dubi idanun dawakan, su ne ke kallon mai kallo yayin da mutane ke soke juna. Zanukan biyu ma sun yi gudun hijira: an kwashe su daga Madrid saboda bama-bamai, kuma a 1938 baranda ta faɗo wa motar da ke ɗauke da su a Benicarló, suka yage. A ɗaki na 67 akwai karen da Goya ya zana a bangon gidansa, kansa kawai ya fito daga wani abu mai kama da yashi. Prado ba ya barin ɗaukar hoto ko kaɗan, kuma bambancin natsuwar ɗakunan a fili yake. Akwai tikitin haɗaka na Paseo del Arte da ke shigar da mutum Reina Sofía da Prado da gidan zane na Thyssen kan Yuro 30 da ɗoriya. Wanda biyun farko kawai zai shiga ya sayi tikitinsu daban-daban, Yuro 27 ke nan, ya fi sauƙi.